Zabuwar Ƙarfe ta Yaya Isuhu

Tun da na dawo daga Garwa mata ba su bar ni na yi ɗinki cikin natsuwa ba. Wadda ta kawo atamfa sai ta nemi kujera, wadda ta zo karɓar riga sai ta ƙi tafiya, kuma duk tambayar ɗaya ce: "Hansatu, da gaske ke ce a bidiyon nan, cikin zabuwar ƙarfe?" Ni ce. Sai su yi dariya, ni ma in taya su. Amma abin da ya kai ni Kamaru ba abin dariya ba ne, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi tun daga tushe.

Ina da wa, Yaya Isuhu, wanda shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Ina 'yar shekara goma sha biyu ya bar gidanmu na Jimeta, ya hau motar kaya, bai sake dawowa ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ko rasuwar Baba bai zo ba. Mun san yana Garwa yana walda, ya yi aure, yakan bugo waya ranar Sallah, yakan kuma aiko wa mahaifiyarmu, Iya, turmin zane ta hannun 'yan kasuwa. Iyakar abin ke nan. Bana sai tsufa ya fara taɓa tunanin Iya. Takan nemi tsintsiya tana riƙe da ita, takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba. Wata safiya da hankalinta ya dawo garau, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Je ki zo mini da Isuhu tun ina iya gane shi." Washegari na rufe shago, na bar ta hannun matar ƙanena, na kama hanya.

Daga Yola motar Gurin na shiga. Mu huɗu a baya, ga buhun albasa a kan ƙafafunmu. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajja Mairamu, 'yar kasuwa mai kai kwanuka Garwa ta sayo sabulu da atamfa. Da ta ji ban taɓa tsallaka iyaka ba sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "To, ki bi bayana, kada ki yi magana sai an tambaye ki. In an tambaye ki ma, ki bari in amsa."

A Gurin hanyar mota ta ƙare, sai kogin Faro. Lokacin zafi ne, ruwan ya janye, sai da muka yi tafiya mai nisa cikin yashi kafin mu kai ga kwalekwale. Yashin ya yi zafin da har takalmin roba yake laushi. Garin shiga kwalekwalen ne takalmina na hagu ya zame ya faɗa ruwa, ina kallo ya juya sau biyu ya yi gaba. Mai fito ya ce in yi haƙuri, kogi ya karɓi kuɗin shiga. Haka na shiga ƙasar mutane da takalmi ƙafa ɗaya.

A ɗaya gefen, wani jandarma da ke zaune ƙarƙashin rumfa ya karɓi katina, ya yi mini magana da Faransanci, na tsaya ina kallon bakinsa. Fulatancin kasuwar Jimeta ina ɗan taɓawa, amma Faransanci ko "zo in kashe ki" ban sani ba. Sai ya nuna ƙullin da ke kaina. Daddawa ce da kuka da na ɗauro wa matar Yaya. Yana kwance bakin ledar ya ja da baya ya toshe hanci, abokan aikinsa suka fashe da dariya. Hajja Mairamu ta yi masa wani dogon bayani, rabi Fulatanci rabi Faransanci, tana nuna ƙafata maras takalmi. Ban san me ta ce ba, amma ya miƙo mini katin da hannu biyu. A Turuwa ta saya mini silifa, ta kuma ƙi yarda in yi mata godiya mai yawa. Mun rabu a tashar Garwa da la'asar, ban sake ganinta ba. Allah ya saka mata da alheri.

Garwa gari ne mai faɗin tituna, da dogon yaro jere a gefensu, amma zafinsa ya fi na Yola. Ɗan acaba ya kai ni unguwar da Yaya ya taɓa kwatanta mini a waya, can wajen kogi. Tun daga nesa na hango tartsatsin walda. Wani mutum ne zaune a ƙasa kan tabarmar roba, kafaɗunsa kamar na ɗan dambe, gemunsa duk furfura. Ya ɗage baƙin gilashin da ke idonsa, muka kalli juna. Fuskar Baba ce sak.

"Hansatu?"

"Na'am, Yaya."

"Kai! Ashe kin tsufa."

Na yi niyyar in yi dariya sai kuka ya riga ta fitowa. Na durƙusa a gabansa cikin guntayen ƙarafa, shi kuwa ya riƙa cewa, "To ya isa, ya isa, mutane na kallo."

Matarsa Adda Fanta, Bafulatana ce doguwa mai sanyin magana. 'Ya'yansu mata biyu duk suna ɗakin aure, ɗaya a Marwa ɗaya a Ngaundare, don haka ɗakinsu aka ba ni. Hausar gidan sai da na saba da ita. Makaranta lekwal ce, asibiti lopital, godiya kuwa useko. Ta kawo mini tuwon jar dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa wadda suke kira folere, tsaminta ya ratsa ni har kunne. Da safe kuma shayi da wani dogon burodi mai taurin ɓawo, wanda suke ɗaukowa daga shago a hammata, ko leda babu. A Jimeta da an ga mace da burodi tsirara a hammata da an yi ta magana har sati.

Bayan karin kumallo na faɗa masa saƙon Iya. Ya saurare ni har na gama, yana ta murza wata ƙaramar ƙusa a hannunsa. Sai ya ce, "An ce zumunta a ƙafa take. Ni kuwa kin ga ba ni da ita." Ya ajiye ƙusar. "Jibi muna da tsere. Bari a gama tukuna."

Ya ja ni bayan shago ya yaye wata tampol. Abin da na gani ya sa na ja da baya. Zabuwa ce, tsayinta ya fi ni, an yi jikinta da tsohon kwanon rufi da gwangwanayen madara da aka fasa aka miƙar, an shafe ta da fenti ruwan toka, sannan Adda Fanta ta bi ta da ɗigon fari ɗaya bayan ɗaya da tsinken kara. A cikinta kujeru biyu ne kan tayoyin keke huɗu. Na gaba yana murza feda da hannu, shi ne kuma mai juya kan keken. Na baya yana taka feda da ƙafa. In tayoyin suka juya sai kan zabuwar ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai tsintar tsaba.

Ya ce masu keken hannu irinsa ne suka faro abin, shekarun baya, don mutanen gari su ga cewa sun iya ƙera abu da hannunsu. Daga baya masu walda da masu gyaran keke da 'yan makarantar koyon sana'a suka shigo. Doka uku ce: babu inji, kowane keke sai da mutum biyu, ɗaya mai lafiyar ƙafa ɗaya maras ita, kuma ba mai tura ku sai wanda ke cikin keken.

Abokin tuƙinsa wani Kirista ne mutumin Yagwa, Daniyel, mai gyaran keke, sun shekara takwas suna shiga tare. Ranar nan da hantsi ya zo da jaka a kafaɗa, idanunsa jajur. An yi masa waya mahaifinsa ya rasu, zai tafi gida. Ya tsuguna suka riƙe hannun juna shi da Yaya. Da ya tafi, Yaya ya mayar da tampol ya rufe zabuwar. Adda Fanta ta raɗa mini cewa wata biyar ya yi yana haɗa ta. Ita kuma ciwon ƙirji ba zai bar ta ta taka feda ba.

Ban san lokacin da na ce, "Ni zan shiga" ba.

Ya kalle ni. "Kin taɓa hawa keke?"

"Shekara ashirin ina taka keken ɗinki, Yaya. Ƙafa dai ƙafa ce."

"A gaban mutane fa."

"Ai ba wanda ya san ni a nan." Ban yi tunanin wayoyin mutane ba.

Washegari ya ce mu fita gwaji, in kuma ga gari. Adda Fanta ta ara mini wando na sa a ƙarƙashin zane, na ɗaure hijabi a ƙugu don kada sarƙa ta kama shi. Da farko ƙafata na zamewa, gwiwata na bugun kwano, amma kafin mu kai babban titi mun daidaita. Na ga Garwa ta wata 'yar taga da aka yanka a fiffiken zabuwa. Ya nuna mini babban masallaci, da kasuwa, da layin mahauta inda aka yi ta ɗaga masa hannu ana kiran "Patron Isuhu!", wato Maigida Isuhu. Ya tsaya gaban wata rumfa ya ce a nan motar kaya ta sauke shi ranar da ya zo, bai san kowa ba. Wani mahauci, marigayi Baba Gambo, wanda kakansa ya zo daga Katsina da fatauci, shi ya ji Hausarsa ya ɗauke shi ya kai shi gida, ya sa shi koyon walda, daga baya kuma shi ya shige gaba wajen nema masa aure. Na ga mata da mayafinsu suna tuƙa babur ba wanda ya waiwaye su. Na ga tireloli ɗauke da auduga kamar duwatsu. Muka sayi gasasshen kifi da yaji wajen wata mata da ta ƙi sallamarmu sai da ta leƙa cikin zabuwar ta ga yadda nake zaune.

Muka ƙare a kan gadar Binuwai. Ya matsa gefe ya ja birki, ya nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa cikin ruwa da na ɗauka duwatsu ne. Sai ɗaya ya buɗe baki. Dorina ce. Kogin nan shi ne dai wanda ke wucewa ta bayan unguwarmu a Jimeta. Na faɗa masa haka, ya ce ya sani, kullum yana ganin kwalekwalen da ke gangarawa can idan ruwa ya cika.

Yana kallon ruwan, bai juyo ba, ya ce, "An taɓa gaya miki dalilin tafiyata?"

"An ce kun saɓa da Baba."

"Ba mu saɓa ba. Akwai yarinyar da nake so, ita ma tana so na. Na roƙi Kawu ya yi wa Baba magana a je a nema mini. Ina bayan zaure ina gyara rediyo, na ji Baba ya ce, 'Wa zai ba gurgu 'ya? Kada mu je a wulaƙanta mu.' Na ji da kunnena." Ya ci gaba da cewa, "Wannan na daɗe da yafewa, haka ya ga duniya. Amma Iya tana tsaye a wurin da tiren abinci. Na jira ta ce ɗana ne, a gwada. Ta ajiye tiren ta koma ciki."

Na ce, "Yaya, ka san a gidanmu mace ba ta magana a zaure."

"Na sani. Duk da haka na jira."

Na so in gaya masa cewa zannuwan da yake aikowa ba ta taɓa ɗinka ko ɗaya ba, suna cikin akwati, takan fito da su ta shafa ta mayar. Na kuwa gaya masa. Ya saki birki muka koma gida.

Ranar tsere gari ya cika tun da safe. Na ga kifi mai ƙaya da aka yi da faifan bidiyo, na ga butar shayi mai taya uku, na ga rago da ƙahonsa na tsohon bututu, na ga jirgin sama wanda fiffikensa ɗaya ya cire tun kafin a tashi. Yara suna ihu, mata suna guɗa, ana sanarwa da Faransanci da Fulatanci. Da aka busa usur muka tashi gaba ɗaya, kwanuka na ƙara kamar an zubar da kayan amarya.

A kan kwalta mun yi kyau. Yaya na kiran "Taka! Taka!" ina takawa, kan zabuwa na sama da ƙasa, jama'a na tafi. Mun wuce butar shayi, mun wuce rago. Daga kujerar baya nake ganin bayansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, kafaɗunsa na aiki kamar injin niƙa. Muka gangara ta gefen gada zuwa bakin kogi, inda aka kafa tuta can tsakiyar yashi. Wannan ne zango na ƙarshe.

Muna shiga yashi tayoyin suka nutse. Na taka har jijiyar ƙafata ta ɗaure, muka matsa kaɗan muka tsaya. Sai na ga hannunsa na dama ya saki feda ya faɗi kan cinyarsa. Ya sake ɗagawa, ya sake faɗuwa. Waɗanda muka wuce suka riƙa wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kafaɗar ce," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta ƙi. Hansatu, mu haƙura."

Wasu samari suka taso za su tura mu, ya ɗaga musu hannun hagu ya ce a'a. Ni kuwa na buɗe ƙofar kwanon na fita, tunda doka ta yarda. Na cire silifa, na dafa bayan zabuwar, kwanon ya ƙone mini tafin hannu, sai na naɗe su da hijabi. Na ce, "Riƙe kan keken kawai, Yaya." Na tura. Yashi na cin ƙafata, numfashina na fita da ƙara. Ya riƙe kan da gwiwar hannu, ya koma murza feda da hagu kaɗai. Wannan wurin ne kuka gani a bidiyo, inda zanena ya kusa kwancewa. Ban ji dariya ba a lokacin, ban ji guɗa ba. Tutar kawai nake gani, ita kuma kamar tana matsawa gaba.

Mun isa, keke ɗaya ne kawai a bayanmu, jirgin saman nan mai fiffike ɗaya. Aka ba mu sabulu da hula don kyan ƙira. Na zube a inuwar zabuwar. Adda Fanta ta kawo ruwa a kofi ta miƙa masa, ya kai hannu, hannun na rawa har ruwan ya zube a rigarsa. Na karɓa na kai masa baki, ya sha. Ya daɗe yana kallon hannun nasa kamar na wani.

"Bara na tsallake yashin nan ban tsaya ba," in ji shi. "Bara-bara." Ya juyo gare ni. "Shekarun Iya nawa yanzu?"

"Ta haura tamanin."

"A raina har yanzu tana nan yadda na bar ta, tana daka da taɓarya biyu." Ya share fuska da hular da aka ba shi. "Fanta, ki haɗa mini kaya."

Kwana biyu bayan nan muka taso, shi da keken hannunsa na kullum, aka ɗaure shi a saman mota. A Faro majiya ƙarfi huɗu suka ɗauki keken suka sa a kwalekwale, biyu suka ɗauke shi. Tun daga Gurin har Yola hanya yake ta kallo. Da muka shiga Jimeta ya kasa gane layinmu, domin itacen tsamiyar da ya sani an sare shi an gina shaguna.

Iya tana zaune kan tabarma a inuwar ɗaki. Ya sauka daga keken a ƙofar gida, ya ja jiki da hannu har gabanta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ina wuni?"

Ta amsa da fara'a, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Na ce, "Iya, Yaya Isuhu ne fa." Ta kalle shi da kyau, ta kalli furfurarsa, ta girgiza kai tana murmushi. "Isuhu ai yaro ne." Ta juya gare shi. "Malam, daga ina?"

Ya ce, "Daga Garwa."

"Garwa! Ina da ɗa a can. Irin larurarka gare shi. Amma hannunsa, Malam, ba abin da bai iya gyarawa. Ka san shi?"

"Na san shi, Iya."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Ya ce in gaishe ki."

Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Sai ta matso kusa da shi ta rage murya, kamar kada a ji a zaure. "Akwai wata magana da ya kamata in yi saboda shi, ban yi ba. Tsoro na ji. In ka koma ka gaya masa."

"Zan gaya masa."

Kwana tara ya yi tare da mu. Kowace safiya sai ya je ya gaishe ta, kowace safiya sai ta tambaye shi daga ina, ya ce daga Garwa, ta ba shi labarin ɗanta. Ko sau ɗaya bai gyara mata ba, ya kuma hana ni gyarawa. Ya gyara mana ƙofar gida da ta shekara tana ƙara, ya yi mata abin dafawa na ƙarfe a bakin banɗaki.

Ranar da zai koma, ta sa na ɗebo mata ƙuliƙuli, ta ƙulle shi da kanta a bakin tsohon ɗankwali, ƙulli uku. Ta miƙa masa ta ce, "Ka kai wa Isuhu. Yana so tun yana ƙarami. Kada ka ci a hanya fa."

Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Zai same shi, Iya."